Yadda Za Ka Gyara Ci da Motsa Jiki a Damagaram, Ka Kuma Ɗore a Kai

Yawancin masu niyyar gyara lafiyarsu suna farawa ne da ƙarfi fiye da kima. Mutum ya dawo daga likita an ce jininsa ya hau, a ranar ya bar shayi, ya bar nama, ya hana a sa gishiri a miya, ya sayi takalmin gudu. Kafin wata ya ƙare komai ya koma yadda yake, sai takalmin a ƙarƙashin gado. Abin da yake ɗorewa shi ne canji ɗaya a lokaci ɗaya, wanda aka ɗaure shi a jikin abin da dama ba ya tashi a yininka: salla biyar, zaman shayi, cefanen safe, hanyar kasuwa. Abincin da ake bukata kuma yana nan a kasuwar Dole da bakin kowace unguwa, ba sai an jira na kanti ba.

Mataki na farko: san inda kake

Je cibiyar lafiya mafi kusa a gwada maka jini. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba ciwon kai ba jiri, shi ya sa ba a gane shi da ji. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake gwadawa wata rana. Idan ya maimaita, magana ta koma hannun likita. Wanda ya haura shekara 40, ko akwai mai ciwon sukari a danginsu, ya nemi a duba masa sukarin jini da safe kafin ya karya.

A gida kuma sami igiya, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa ka, ka ninke ta gida biyu ta koma rabin tsawonka, ka zagaya da ita a cikinka daidai saman cibiya. Idan ta haɗu, madalla. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi tafiya tare da ciwon sukari da na zuciya. Ajiye igiyar.

Sannan ka yi mako guda ba ka canza komai ba, kana lura kawai: kofi nawa na shayi, lemun kwalba nawa, sau nawa ka hau kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta kai ka.

Mataki na biyu: fara da butar shayi

Na sa shayi a gaba domin a nan ne sukari ya fi shiga jikin namijin Damagaram ba tare da ya lissafa shi cikin abinci ba. Zauna kusa da mai dafawa a fada, wato majalisar hira da shayi ta unguwa, ka kalli hannunsa. Buta na kan gawayi, ya cika ƙaramin kofi da sukari har ya yi tozo, ya juye, ya ɗaga butar sama yana tsiyayawa har kumfa ta tashi, ya ɗanɗana, ya ƙara. Na farko kenan. Na biyu da na uku kowanne da nasa sukarin, kuma akwai wanda yake zama uku a yini: hantsi, bayan la'asar, bayan isha'i.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci. Ga babba, wannan kimanin giram 50 ne a yini, wato wajen cokalin shayi 12, kuma hukumar ta ce a sauko zuwa rabin haka ya fi. Kwalbar lemu ɗaya mai santilita 33 tana iya ɗaukar giram 35. Ƙara sukarin koko da safe, na fura da rana, zoɓo ko lemun tsamiya na leda, za ka ga an wuce iyaka tun kafin magariba.

Ban ce ka bar fada ba. Can ake jin labarin gari, can ake taimakon juna, kuma wanda ya yanke zumunci don lafiya ba zai jima ba zai koma. Ga abin yi. A mako biyun farko bar kofi na uku, wanda dama shi ya fi zaƙi kuma ya fi rashin ganye. Bayan nan ka yi magana da mai dafawa: "Malam, don Allah ka ɗan tsiyaya mini nawa kafin ka ƙara sukari." Za a yi maka ba'a kwana biyu, daga baya wani zai ce shi ma a yi masa haka. Idan kai ne mai buta, rage kwata na abin da ka saba zubawa ba tare da sanarwa ba, bayan mako biyu ka sake ragewa. Harshe yana sabawa, har ya zo tsohon haɗin ya gundure ka.

Wani abu kuma da ya shafi mata masu ciki da masu ƙarancin jini musamman: shayi yana tauye jiki wajen ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci. A bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin tuwo da shayi.

Mataki na uku: a shirya da mai tukunya

A gidajenmu ba kowa ne da tukunyarsa ba. Maigida ba zai rage gishiri shi kaɗai ba, uwargida kuma ba za ta ƙara ganye da wake ba in kuɗin cefane bai ba da hali ba. Don haka a zauna a yi shawara, cikin mutunci, ba a gaban yara ba, ba kuma da sigar kushe girki ba. Matar da aka ce mata "miyarki ce ta sa mini hawan jini" ba za ta taya ka ba, kuma tana da gaskiya.

Iyakar gishiri ga babba ita ce ƙasa da giram 5 a yini, kimanin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne yake tayar da jini a cikin gishirin. Yajin tsire da na kilishi su ma haka. To miyar da aka murmushe mata dunƙule huɗu, aka barbaɗa gishiri, aka jefa kanwa, ta tara abu ɗaya ta hanya uku.

A cire dunƙule ɗaya daga abin da aka saba, a cike gurbinsa da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi in ya samu. Bayan mako biyu a sake cire ɗaya. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba, ga sauƙin itace. Gishirin da za a saya ya zama mai aidin, don kare yara daga maƙoƙo. Mai kuwa a daina tuttula shi daga galan, a riƙa aunawa da ludayi ɗaya sananne, don a san abin da ake ragewa.

Mataki na huɗu: gyara abin da ke cikin kwano

Yana ba ni takaici in ga gidan da ya samu ɗan hali ya mayar da gero abincin talaka, ya koma farar shinkafa da taliya da burodi safe da dare. Gero da dawa sun fi farar shinkafa harza da sinadarin ƙarfe, suna kuma riƙe ciki. A dai sassauta surfe, domin da yawan amfanin yana tafiya ne cikin dusar da ake ba awaki. Wake da hatsi in sun haɗu suna cike wa juna abin da kowanne ya rasa na gina jiki, shi ya sa shinkafa da wake, ɗanwake, ko dambu da ƙuli-ƙuli suke abinci na ƙwarai ko ba nama. Fura da nono ma haka, muddin ba a kashe ta da sukari ba.

Abin da ya fi ƙaranci a kwanonmu shi ne ganye da ƴaƴan itace. Ana so babba ya samu giram 400 a yini, wato kamar cikin tafin hannu biyar. Da sanyi abin yana da sauƙi, lokacin da kayan lambu suke shigowa daga Mirya da Gidimuni: kabeji, salati, karas, tumatir, duk da araha. Da bazara ga mangwaro, da damina ga tafasa, rama, yakuwa da zogale ɗanye. Dabarar ita ce a yi tanadi lokacin yalwa: a shanya ganye a inuwa, domin rana tana cinye wani ɓangare na amfaninsa, a adana a tulu ko buhu mai tsabta. Magarya, goruba, aduwa da garin ƴaƴan kuka su ne kayan marmarin yara maimakon alewa da biskit. Gyaɗa tana da kyau, amma wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, tana da guba mai cutar da hanta. Duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Da yake a kwano ɗaya ake ci, ba za ka iya auna rabonka ba, amma za ka iya tsara shi. Fara da kwaɗon zogale ko salati, ka yawaita miya, ka rage girman loma, ka tashi da sauran wuri a cikinka. Hadisin nan da malamai suke karantar da mu ya riga ya raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Tuwon dare kuma a matso da shi kusa da magariba, kada a ci a kwanta nan take.

Mataki na biyar: ɗaure tafiya a jikin salla

Abin da ake nema ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ga yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kullum. Minti 30 sau biyar a mako ya cika 150, kuma ana iya rarraba shi. Matsakaici na nufin saurin da numfashinka zai ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa.

A garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, lokaci shi ne komai. Bayan asuba ya fi: ka riga ka tashi, ka riga ka fito, gari da sanyi, babura ba su cika hanya ba. Maimakon ka koma shimfiɗa, wuce gaba minti 10, ka juyo. Mako na gaba ka mayar da shi 15. Mutumin Birni yana da lunguna da hawa da gangara tsakanin duwatsu, ya zagayo ta gaban fadar Sarki. Na Zango ko Sabon Gari ya zaɓi wani masallaci ko shago ya zama alamar juyawarsa. Tafiyar minti 10 bayan tuwon dare tana taimakawa wajen sauke sukarin jini. Kabu-kabu kuma ka sauka tun da sauran tazara, ka ƙarasa da ƙafa. Sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. Ranar da hunturu ya turnuƙe da ƙura, mai asma ya yi motsinsa a ɗaki.

Matar da take daka, take ɗibar ruwa, take wanki da hannu, ko manomi da magini da mai tura kurar ruwa, sun riga sun cika ma'aunin. Su abin da suke bukata abinci mai kyau ne da hutu. Maganar ta fi shafar mai zaman buro, ɗan kasuwar da ke kan tabarma daga safe zuwa yamma, direba, da Hajiyar da ƴan aiki suka ɗauke mata komai. Wadda fita take mata wuya ta zagaya tsakar gida da sauri bayan asuba, ko su haɗu da maƙwabciya su riƙa zuwa unguwa da ƙafa. Tafiyar mutum biyu ta fi ta mutum ɗaya daɗewa, don ranar da ɗaya ya ji kasala ɗayan zai yi sallama a ƙofa.

Mataki na shida: ƙarfin jiki, sau biyu a mako

Samarin garin nan sun daɗe da nuna cewa ba sai da kayan waje ba, ga su nan suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin sassan mota. Ga sauran jama'a abin ya fi haka sauƙi: tashi daga kujera ka zauna sau 10 ba dafawa, tura bango da hannu biyu sau 10, ɗaga galan mai rabin ruwa. A maimaita sau biyu ko uku. Dattawa sun fi kowa bukatarsa, domin ƙarfin cinya ne yake tsare su daga faɗuwa, yake kuma ba su damar tashi daga sujada da kansu.

Mataki na bakwai: idan abin ya yanke

Zai yanke. Biki zai zo da alkaki da soyayyen nama, baƙi za su sauka, zazzaɓin damina zai kwantar da kai. Ƙa'ida ɗaya za ka riƙe: in ka rasa yau, kada ka rasa gobe, ko da minti biyar ne. Kada kuma ka ɗauki mataki na gaba sai wanda kake kai ya daina yi maka nauyi.

Da azumi a mayar da tafiya bayan tarawihi, a buɗe baki da dabino da ruwa da kunu kafin ƙosai da fanke, a yi sahur da abin da ke riƙe ciki irin fura ko wake. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya ga likita tun cikin Sha'aban don a daidaita masa lokutan sha, kuma kada ya ajiye magani don ya ga ya fara tafiya ko ya rage gishiri. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe masa yana cikin motsi, ya tsaya nan take a kai shi likita.

Bayan wata uku ɗauko igiyar ka sake zagaya cikinka, ka koma a gwada jinin, ka rubuta awon da kwanan wata a takarda ɗaya da na farko, ka tafi da ita duk ranar da za ka ga likita.