Yadda za ka nemi sikolashif ɗin Japan ta hannun Bankin Raya Afirka

Mutane da yawa in sun ji an ce Bankin Raya Afirka sai su ɗauka harkar gwamnati ce kawai, bashin titi da dam da wutar lantarki. To akwai wata ƴar ƙofa da talaka mai digiri zai iya bi. Bankin nan mai hedikwata a Abidjan ƙasashen Afirka 54 ne a cikinsa, ga kuma wasu na waje masu zuba kuɗi, Japan na cikinsu, kuma a 2017 ne suka haɗa hannu suka fito da Japan Africa Dream Scholarship, JADS a taƙaice. Japan ke biya, banki ke kula da tsarin. Mastas ne na shekara 2 a jami'ar Japan, kuɗin makaranta da alawus na wata-wata da tikitin jirgi zuwa da dawowa da inshorar lafiya duk suna ciki.

Kafin ka fara zumuɗi duba kanka. Kar shekarunka su wuce 35, ka kasance ɗan ƙasar da ke cikin bankin (Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi, Sudan duk mambobi ne), digirinka ya shafi fannoni irin su makamashi, noma, lafiya, muhalli ko injiniyanci, kuma ka yi aƙalla shekara guda kana aikin albashi bayan ka gama. In ɗan'uwanka na kusa ma'aikacin bankin ne, sai haƙuri.

Ga inda ake yin kuskure, kuma wallahi nan ne mafi yawa ke faɗuwa: ba banki za ka fara aika wa takardu ba. Jami'a ce ƙofar. Ka shiga shafin bankin ka ga jerin jami'o'in da kwasa-kwasan da aka amince da su a wannan zangon, ka zaɓi wanda ya dace da aikinka, ka nemi gurbi a can tare da fom ɗin JADS, su za su tace su tura sunayen da suka zaɓa wa banki, banki ya sake dubawa, sai an samu amincewar ɓangaren Japan sannan imel ya zo ma. Kowace jami'a da ranar rufewarta, wasu suna ɗaukan ɗalibai a Afrilu wasu a Satumba ko Oktoba, saboda haka kar ka dogara da ranar da wani ya turo a gurup ɗin WhatsApp.

Tiranskirif kuwa tun yau ka fara binsa. Ni sai da na yi sati shida ina zarya, kullum wai mai sa hannu ya tafi mitin, fayil ɗina na nan kan tebur an ɗora masa kofin shayi har ya bar zobe a bango. Haka wasiƙar wurin aiki, a sa ranar da ka fara da sitam, fasfo ma a sabunta shi.

In za ka rubuta bayanin binciken da kake son yi, bar maganar "ina son ceto Afirka". Faɗi matsala guda da ka taɓa da hannunka, misali famfon sola na noman rani da ke mutuwa cikin shekara biyu a ƙauyenku, da dalilin da ya sa wannan kwas ɗin zai taimaka.

Ba a biyan dillali ko sisi, duk wanda ya ce yana da hanya a ciki ɗan damfara ne. Kuma ana sa ran ka dawo gida ka yi aiki da ilimin bayan ka gama, in niyyarka ka maƙale a Tokyo gara ka nemi wata hanyar.