Kurakuran da aka fi yi wajen karanta bakan haske daga Hubble da James Webb

Wata rana bayan Azahar, lokacin da hazo ya rufe Samaru har ba a hangen ƙarshen titi, wani ɗalibina ya shigo rungume da kwamfuta, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Malam, ina ga na gano wani abu." Ya nuna mini zane: layi yana tafiya lafiya lau, sai ga wani tsini siriri ya miƙe kamar mashi. Na ce ya ƙirga faɗinsa. Fiksel ɗaya, wato ɗigo ɗaya tak na hoton. Na ce ya buɗo ɗauka ta biyu ta tauraron nan. Babu tsinin, babu alamarsa.

Abin da ya gani ƙwaya ce daga cikin masu tsananin gudu da ke yawo a sararin samaniya, ta daki na'urar ta bar tabo. Layin gaskiya ba ya zama fiksel ɗaya, domin na'urar da kanta takan baza shi ya kai biyu ko fiye, kuma yakan fito a kowace ɗauka. Amma kuskurensa ya girmi tsinin nan. Ya ɗauka tunda madubin hangen nesa irin Hubble ko James Webb yana can sama da hazo da gajimare, duk abin da ya aiko tsarkakakke ne. Kusan duk kurakuran da nake gani daga wannan zaton suke fitowa.

Na'urar rarrabe haske aikinta irin na bakan gizo ne: ta tsattsaga hasken tauraro bisa tsawon zangonsa, kamar yadda rediyo ke raba tashoshi. Sai dai abin da take rubutawa ƙidayar lantarki ce a kan fiksel, haɗe da dattin na'urar. Mai awon masara a kasuwar Giwa sai ya cire nauyin buhu kafin ya faɗi kilo. Nan ma sai an cire abin da na'urar ke nunawa ko a cikin duhu, a daidaita fiksel mai kaifin gani da mai rauni, sannan a gwada da mudun da kowa ya yarda da shi, wato wasu ƙananan fararen taurari da aka san haskensu sarai, irin su G191-B2B da GD 153.

Shi ya sa zaɓen fayil yake da muhimmanci. Rumbun MAST da ke Baltimore a Amurka yana ba da bayanan Hubble da na James Webb kyauta, kuma ɗalibi yakan sauke mafi girma, yana ganin shi ne cikakke. A James Webb, wanda sunansa ya ƙare da uncal ɗanye ne, ba a taɓa shi ba. Mai rate an mai da shi ƙidaya a kowace daƙiƙa. Mai cal an yi masa awo, x1d kuwa shi ne bakan da aka ciro a layi ɗaya. Na ga wanda ya ƙone datar dubban nairori a kan uncal, wuta ta ɗauke sau biyu yana tsakiyar saukewa, alhali x1d ɗan ƙarami ne kuma shi yake bukata. A fara da x1d, amma a sauke s2d, wato hoton bakan, a gefe, don ido ya ga hoton kafin a gaskata layin.

Sai kuma buɗe fayil a karanta shafi ɗaya kawai. Fayil ɗin hoton yana da SCI, inda hasken yake, da ERR mai nuna girman shakka, da DQ mai tona fiksel ɗin da ya mutu ko ya cika ya tumbatsa ko ƙwaya ta daka. Wanda bai duba DQ ba zai auna rami ya ce iskar gas ce ta shanye haske. A NIRSpec, na'urar rarrabe haske ta James Webb, ma akwai giɓi na zahiri tsakanin farantan ɗaukar hoto biyu, wanda a saitin G395H yakan faɗo wajen tsawon zango na maikiron 3.7 zuwa 3.8 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Manhajar zane takan ja layi ta haɗe bakin giɓin biyu, mutum ya zauna yana fassara abin da ba a auna ba.

Wanda ya fi ba ni haushi, don ni ma ya taɓa cina, shi ne batun iska. Haske yana ɗan rage gudu a cikin iska, saboda haka tsawon zangonsa a ɗakin gwaji ya bambanta da na sararin da babu iska. Jan layin haidurojin, H-alfa, angistirom 6562.8 ne a iska, 6564.6 a inda babu ita (angistirom dubu goma ke yin maikiron ɗaya). Bambancin 1.8 kamar ba komai ba, amma idan aka mai da shi gudu ya haura kilomita 80 a daƙiƙa. Hubble da James Webb da awon babu-iska suke aiki, yawancin littattafan da muke koyarwa da su kuwa na iska suke kawowa. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta babi guda yana bayanin dalilin da tauraro ke guje mana, alhali teburi biyu ya cakuɗa. Gyaran minti ɗaya ne: a tabbatar da irin teburin kafin a kwatanta.

Ƙanin wannan shi ne gyara abu sau biyu. Duniya tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a daƙiƙa, Hubble kuma yana zagaya duniya cikin minti 95 ko kusa da haka. Dole a cire wannan motsin, amma sau da yawa an riga an cire. A fayil ɗin Hubble, idan HELCORR ya nuna COMPLETE a kan fayil, wato jerin bayanan da ke farkonsa, to an gama gyaran zagayen duniya, kada a ƙara. Sauri ya haifi nawa.

Hubble ɗin ma bai gama fita daga iskarmu ba. A tsayin kusan kilomita ɗari biyar akwai sauran haidurojin ɗin duniya, yana haskawa a angistirom 1216. Duk wanda ya buɗe bayanan COS, na'urar rarrabe haske da aka ɗora wa Hubble a 2009, zai ga ƙaton layi a wurin, kuma yawancinsa namu ne, ba na tauraron ba. Layin iskar oksijin ɗin duniya da ke wajen 1302 yakan ragu ƙwarai idan aka tace aka bar abin da aka ɗauka lokacin da Hubble ke gefen dare na duniya kaɗai.

Ma'auni kuma: James Webb da ma'aunin da ake kira Janski yake ba da ƙarfin haske, Hubble kuwa bisa kowane angistirom. Layin da ya kwanta sambal a Janski zai faɗi ninki 25 daga maikiron 1 zuwa 5 idan aka juya shi ɗaya ma'aunin. Kada a ɗora su a zane ɗaya sai an juya.

Ɗalibin nan nawa ya sake dawowa bayan wata huɗu, wannan karon ransa a jagule. "Malam, na sake saukewa, lambobin sun canza." Ba laifinsa ba ne. Tun da aka harba James Webb ranar 25 ga Disamba 2021 ake ta sabunta fayilolin awonsa, rumbun kuma yakan sake sarrafa tsofaffin bayanai da sabon awo. Na tambaye shi da wane awo ya yi aikin farko, ya sosa ƙeya. Na buɗe masa kan fayil ɗin na nuna masa CAL_VER da CRDS_CTX, masu nuna sigar manhaja da ta awon da aka yi amfani da su, na ce ya kwafe su a shafin farko na littafinsa tare da ranar da ya sauke. Tsohon fayil ɗin kuwa ya riga ya goge don ya samu wurin ajiya, sai dai ya sake babi na uku daga farko.