Kurakuran da dillalan gida da fili ke yi wajen talla a waya

Dillancin gida da fili a Kano ya koma cikin waya. Mutum yana Abuja ko Jidda zai ga fuloti a Ɗanbare a TikTok, ya kira ƙaninsa ya ce, "Je ka dubo min." Amma tallace-tallace da yawa ba abin da suke jawowa sai "Masha Allah" da "Allah ya kawo kasuwa". Mai kuɗi a hannu amsa yake nema, su kuma dillalai ɓoye ta suke yi.

A fara da farashi. Za ka ga an sa gida mai kyau, a ƙasa an rubuta "mai buƙata ya biyo ni ta akwatin saƙo". Dillali yana ganin dabara ce. Mai saye kuwa abin da yake fahimta shi ne za a yanka masa kuɗi gwargwadon girman rigarsa, sai ya wuce. Waɗanda za su biyo ka yawanci 'yan jin farashi ne. Faɗi abin da mai gida ya ce, ka ƙara da cewa akwai tayi idan akwai.

Sai kwatance. "Rijiyar Zaki" kawai ba kwatance ba ne, don akwai bakin titin Gwarzo, akwai can cikin lungun da sai mai Adaidaita Sahu ya yi mita kafin ya shiga. Mafi muni shi ne aron sunan unguwa: fili yana can bayan Langel a ce "kusa da sabuwar jami'ar Bayero". Ranar da kuka je dubawa, tun a mota ciniki ya mutu. Faɗi unguwa, faɗi nisa daga kwalta, faɗi faɗi da tsawo a ƙafa, ko 50 da 100 ne ko 50 da 50. Idan kana tsoron a zagaye ka, ba sai ka nuna ƙofar gidan ba, sunan layi ya isa.

Bidiyo ma haka. An fi ɗaukar get da tayil da fitilun silin, a ɗora kiɗa a kai. Malam, kashe kiɗan ka yi magana. Fara daga bakin layi, a ga ko mota tana shiga, a ga kwata da turakun wuta. Buɗe famfo, leƙa rijiya, nuna banɗaki da kicin, domin uwargida ce za ta yanke rabin hukuncin, ita kuma can idonta yake. Idan da hali, a ɗauka da damina. Kowa ya san a Kano akwai gidajen da aka gina a kan kududdufin da aka cike, kuma bango mai jan ruwa ba ya ɓoyuwa a watan Agusta, ko da an shafe shi da sabon fenti.

Inda aka fi yin shiru shi ne takardu, alhali nan ne ran cinikin. "Takardu lafiya lau" ba bayani ba ne. Awon gwamnati ne ko awon igiya, wato filin da masu shi suka yanka da kansu ba gwamnati ba? Akwai shaidar mallaka ta C of O, ko takardar ciniki ce kawai mai hannun mai unguwa da shaidu? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma sauya sunan mai shaidar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Don haka mai saye mai wayo zai je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ya bincika, idan gini ne ya tambayi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Awon igiya ba abin kunya ba ne, masu sayensa suna nan birjik, sai dai su sani tun daga talla. Gidan gado kuwa, kar ka sa shi sai ka tabbata an raba, ko duk magada sun yarda, mata da maza. Amma kar garin nuna gaskiya ka ɗora hoton takardar gaba ɗaya da suna da lamba. 'Yan damfara na kwafa.

Wata ɗabi'ar ita ce ɗauko hoton wani dillali ka ƙara naka kuɗin a kai. Gida ɗaya sai ya fito a wuri huɗu da farashi huɗu, mai saye ya raina ku duka, ga rigimar la'ada tana jira. Abin da ba ka taka da ƙafarka ba, ka ce na abokin sana'a ne, ku daidaita kason kowa tun kafin a zo.

Masu dogara da sitatus na WhatsApp kaɗai su tuna awa 24 yake yi ya ɓace, kuma masu lambarka ne kawai ke gani. Buɗe shafi da sunanka na gaskiya inda kaya za su zauna, kana ɗan rubuta abin da ka sani, kamar yadda ake binciken fili ko unguwannin da ruwa ke wuyar samu. In an sayar da gida, koma ka rubuta "an sayar" a kai, kar wani ya kira ka bayan wata uku ka fara ce masa akwai wani irinsa a Hotoro.