Yadda za ka bi da baladiyya a Saudiyya idan an rubuta wa shagonku mukalafa (takardar laifi)

Wani ƙanena yana aiki a wurin tsire a wajejen Shari'a Mansur a Makka, tsiren nan namu da mutanen Hijaz ke kira siriye. Wata rana bayan la'asar muraƙibin baladiyya, wato jami'in duba na hukumar gari, ya shigo, ya buɗe firji, ya nemi katin lafiyar ma'aikata, ya ɗauki hoton teburin da suka fitar bakin hanya, ya tafi. Da saƙon tara ya shigo wayar mai shagon, sai kowa ya ce ai ƙiyayya ce. Na zauna na karanta saƙon, na tarar katin mutum ɗaya ya ƙare, teburin kuma ya tare hanyar masu ƙafa. Duka biyun a rubuce suke cikin doka tun kafin muraƙibin ya zo. Abin ya dame ni, domin mutanenmu da yawa suna asarar guminsu a kan abin da za su iya karantawa a waya.

Da farko, ka san wanda ke da garin. A sama akwai ma'aikatar harkokin baladiyya da gidaje, wadda ke fitar da ƙa'idoji ga ƙasar baki ɗaya. Tushen aikin shi ne dokar baladiyyoyi da ƙauyuka ta shekarar 1397 Hijira. Ƙarƙashin ma'aikatar akwai abin da ake kira Amana: Makka na da Amanatul Asimatil Muƙaddasa, Jidda da Madina da Riyad kowanne da tasa. Kowace Amana kuma tana da ƙananan baladiyyoyi na unguwanni, daga nan muraƙibai ke fitowa. Wato muraƙibi ba ya ƙirƙirar doka, jadawali yake bi. Lasin shago, tsabtar abinci, gini, allon suna, shara da bakin titi duk nasu ne. Iƙama kuwa, wato katin izinin zama, ta Jawazat ce, hukumar shige da fice, kada ka haɗa su.

Na biyu, ka karanta mukalafar da kanka. Kada ka tsaya ga "an ce". Ka sa mai shagon ya shiga manhajar baladiyya ta Balady ta hanyar Nafath, wato manhajar gwamnati ta tantance shaidar mutum, ko dandalin Efaa inda ake tara laifuffukan hukumomi daban-daban. Za a ga lambar mukalafa, ranar da aka rubuta ta, irin laifin da kuɗin. Daga nan a nemo laifin a jadawalin mukalafa da hukunci na baladiyya. A nan ne mutane ke tafka asara. Jadawalin ya raba laifi gida biyu, mai tsanani da marar tsanani. Marar tsanani ana fara gargaɗi ne tare da wa'adin gyara. Wanda ya gyara cikin wa'adi ya tsira da kuɗinsa, wanda ya ce "sai gobe" tara ta hau kansa, in ya maimaita kuma ta ƙaru. Mai tsanani, irin abin da ya taɓa lafiyar jama'a kamar ruɓaɓɓen nama, ba ya jiran gargaɗi, yana iya kai wa ga rufe shago.

Na uku, ka gyara tun kafin ka fara gardama. A shigar da teburin ciki, a sabunta katin lafiya, wanda suke kira shahada sihhiyya. Duk mai taɓa abinci ko aski sai da shi, kuma ta Balady ake nemansa bayan gwajin asibiti. Idan an gyara, a ɗauki hoto mai nuna rana. Rigakafi ya fi magani: ka rubuta ranar ƙarewar katinka a jikin bango inda za ka riƙa gani, domin mai gida yakan manta, kai ne za a dakatar daga aiki.

Na huɗu, in kun tabbata an zalunce ku, akwai ƙofar i'itiradi, wato ƙin amincewa da hukuncin. Ana shigar da shi ta intanet da lambar mukalafar, a haɗa da hujja: hoton lasin, kwantiragin hayar da aka yi wa rajista a dandalin haya na Ejar, takardar Difa'ul Madani ta kariyar gobara, ko duk abin da ya shafi laifin. Wa'adin yana fara ƙirguwa ne daga ranar sanarwa, saboda haka kada a zauna jiran wani mai wasɗa, wato mai hanya a wurin hukuma. A rubuta gajere, da Larabci mai kyau, a faɗi abin da ya faru ba tare da zagi ko roƙo ba. In kwamitin ya ƙi, sauran Diwanul Mazalim, kotun da ke sauraron ƙorafi a kan hukumomin gwamnati. In kuwa laifin naku ne, a biya ta Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki, a huta, don tarar da ba a biya ba takan tsaya a gaba ranar sabunta lasin.

Wata magana da ba zan tsallake ba, ɗan'uwa. Idan kuɗinka ne a shagon amma sunan ɗan ƙasa ne a rijista, wannan shi ne tasattur, kuma ya fi ƙarfin baladiyya. Hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Haka iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin masallaci ba lasin, ranar da mota ta zo kayan ake kwashewa, jarin wata guda ya tafi a minti biyar. Ku riƙa faɗa musu da taushin murya.

Kai ma kana da haƙƙin kai ƙara. In kwandon shara ya cika a lungunku, ko fitilar titi ta mutu, ko rami ya buɗe inda yara ke wasa, kira 940 ko ka tura hoto ta Balady. Za a ba ka lambar balagi, wato lambar ƙorafinka, a waya. Ka adana ta, in kwanaki sun wuce ba a zo ba, da ita za ka sake kira.