Idan ka ɓare takardar bango ka tarar da fumfuna

Shekara 19 ke nan ina aikin fenti da liƙa takardar bango a Kumasi, yawanci a Aboabo da Asawase da Tafo. Bara, ana saura mako 3 bikin jikarta, wata Hajiya a Aboabo ta aiko a kira ni. Gidan na gado ne, irin mai tsakar gida da ɗakuna kewaye. Ina shiga ɗakinta na ji warin nan na tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Ta nuna mini inda takardar ta kumbura a bayan wadirof ta ce, "Ɗana, ka cire wannan ka liƙa mini sabuwa kafin baƙi su zo." Na ɗaga gefe ɗaya da farce. Bangon ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har kusan ƙuguna. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in na liƙa sabuwa yau, kafin watan Yuli za ki sake nema na."

Fumfuna tana rayuwa ne da danshi da abin ci, kuma takardar bango ta haɗa mata duka. Gam ɗin da ake liƙawa da shi yawanci sitaci ne, fuskar takardar kuma roba ce, ba ta barin bango ya sha iska. Saboda haka aikin farko shi ne gano ta inda ruwa ke shigowa, kuma nan ne nake ɓata lokaci fiye da ko'ina.

Bangon da kansa zai gaya maka. Idan tabon ya taso daga ƙasa ya tsaya a kamar mita ɗaya, ga farin gari kamar gishiri, filasta na rugurgujewa in ka taɓa, to daga ƙasa ruwan yake hawa. Tsofaffin gidajenmu na zango da yawa an gina su ba a shimfiɗa abin tare danshi a tushe ba, kuma a tsawon shekaru an yi ta ciko a lungu har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu. Idan tabon daga sama yake gangarowa, hau ka duba kwano da indararo. Idan wuri ɗaya ne a tsakiyar bango, tambayi abin da ke bayansa: banɗaki, famfo, ko bututun da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa. Idan kuwa ɗigo-ɗigon baƙi ne a kusurwa da bayan kaya, bangon kuma bai jiƙe can ciki ba, rashin iska ne: taga a rufe kullum, ana shanya a ɗaki, ana dafa ruwa a ciki.

Akwai gwaji mai sauƙi. Yanki leda fara kamar faɗin faranti, ka manna ta a bangon da ka ɓare, ka rufe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana 2. In raɓa ta taru a cikin ledar, ta ɓangaren bango, ruwan daga cikin ginin yake. In a waje ta taru, iskar ɗakin ce.

A gidan Hajiya, indararon maƙwabci ne ke zuba a lungu, ruwan ya kwanta a gindin bangonta duk damina. Sai da muka zauna da maƙwabcin, aka karkatar da indararon zuwa kwata, magini ya kwashe cikon ya yi daɓen siminti mai gangara. Ba a taɓa komai a cikin ɗaki ba sai bayan wannan.

Ranar ɓarewa, a fitar da yara da tsofaffi da duk mai asma. A kwashe katifa da tufafi, a buɗe tagogi, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. Kashe wuta daga mita idan akwai soket a bangon. Sa safar hannu ta roba da tabarau da takunkumi mai kyau irin N95, domin ƙyalle ba ya tare wannan ƙura. Fesa wa takardar ruwa kafin ka ja ta, kada ka ɓare ta a bushe, kuma kada ka kunna fanka a lokacin. Duk abin da ka cire ya shiga leda a ɗaure.

Sannan wanki. Fara da ruwan sabulu da buroshi, ka kankare gam ɗin tas, don in ka bar shi ka bar wa fumfuna abinci. Bayan nan ka haɗa bilic, wanda muke kira Parazone, kofi 1 cikin galan 1 na ruwa, ka shafa, ka bar shi kamar minti 10, ka goge da ruwa mai tsabta. Kada ka taɓa gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki ko ruwan khal, hayaƙin da ke fitowa yana illata huhu. Kada kuma ka goge tsohon fentin mai da sanfefa a bushe, wasu na da dalma a ciki. Silin na katako ko kwali da fumfuna ta ci, cire shi ake yi, wanki ba ya kai wa cikinsa. In wurin ya wuce murabba'in mita 1 sosai, ko ginin ya tsage, nemi wanda ya san aikin.

Filastar da gishiri ya ci ba ta gyaruwa. Ƙwanƙwasa ta, duk inda ka ji kamar ganga a fasa, har a wuce bakin tabon da kamar ƙafa 1. Daga nan sai jira, kuma shi ne abin da masu gida suka fi ƙi. Magina na lissafa kusan wata guda ga kowane inci na kaurin bango. Shi ya sa nake ba da shawara a fasa a watan Nuwamba, bayan ƙaramar damina, a bar iskar hunturu ta Disamba da Janairu ta yi aikinta. Wanda ya fasa a watan Mayu, ana tsakar ruwa, zai daɗe yana jira.

Idan ya bushe, a yi sabuwar filasta da yashi mai tsabta. In ginin bulo ne, a zuba maganin hana ruwa a simintin. In na ƙasa ne, ni dai na fi son farar ƙasa, domin tana barin danshi ya fita. Fentin ruwa za a shafa, ban da na mai. Bangon da ya taɓa shan ruwa daga ƙasa, ba na mayar masa da takarda, ko nawa za a biya ni.

Bikin Hajiya da labule muka rufe bangon aka yi shi. Na dawo a watan Fabrairu na yi mata fenti, muka janye wadirof ɗin daga bango da faɗin tafin hannu. Da na leƙa bayan ruwan Yuni, na sa hannu a wurin, na ji shi a bushe, ta ce tarin dare da ke damun ƙaramin jikanta ma ya yi sauƙi.