Yadda Iyali Masu Yawa Za Su Zaɓi Tirelar Zango Mai Gadajen Tanti a Amurka da Kanada

A Amurka da Kanada, idan lokacin zafi ya shigo aka ba yara hutun makaranta, iyalai da yawa sukan ɗaura ɗan gida mai taya a bayan mota su nufi gandun daji ko bakin tafki, su yi kwana uku ko mako guda a can. Cikin ire-iren waɗannan tireloli na zango akwai wadda ta fi jan hankalin gidan da ke da 'ya'ya biyar ko shida, wato 'yar ruwa biyu. Gangar jikinta bango ne mai ƙwari irin na sauran tireloli, da kicin da banɗaki da firji a ciki, amma gadajenta a jikin bangon gaba da na baya suke, idan an isa masauki sai a sauke su waje, tanti ya rufe su. Da yake gadajen ba sa cin filin ɗaki, tirelar da tsawonta bai fi ƙafa 24 ba tana iya kwantar da mutum takwas, alhali nauyinta bai kai na tirela mai bango zalla da za ta ɗauki wannan adadi ba.

Yawancin masu saye daga ƙirga gadaje suke farawa, ni kuwa shawarata ita ce a fara daga motar da za ta ja. Kamfanonin mota suna tallata nauyin da motarsu za ta iya ja, dillalan tirela ma wannan lambar suke tambaya, amma ba ita ce ke fara kayar da iyali masu yawa ba. Lambar da ta fi muhimmanci tana jikin wata 'yar takarda da aka manna a dokin ƙofar direba, inda aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka a kanta. A cikin wannan nauyi ne ake cire na kowane fasinja, da kujerun jarirai, da jakunkuna, da ƙarfen maƙalar ja da ke haɗa mota da tirela, da kuma nauyin da gaban tirela ke dannawa a bayan mota, wanda ya kamata ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar baki ɗaya. Idan ya gaza kashi 10, tirela takan riƙa wutsil-wutsil a kan hanya, musamman idan babbar mota ta wuce ta gefe ko iska ta bugo.

Bari a buga misali da laba, ma'aunin da ake amfani da shi a can, wanda laba 2.2 ke daidai da kilo ɗaya. A ɗauka takardar ƙofar ta ce laba 1,600. Mai gida da uwargida sun kai laba 350, yara biyar sun kai 400, maƙalar ja ta ci kusan 100, jakunkuna da kayan ciye-ciye a bayan mota sun ci wata 100. Abin da ya rage laba 650 ne. Tirelar da ta kai laba 5,500 bayan an loda mata kaya za ta danna wa mota kusan laba 715 idan aka yi lissafi da kashi 13, ke nan an wuce iyaka tun ba a fita daga unguwa ba, ko da an rubuta cewa motar tana jan laba 8,000. Sannan yara girma suke yi, yaron da ke da laba 60 bana nan da shekara huɗu zai iya ninka ta. Ba kuma za a rage nauyi ta hanyar zuba yara cikin tirela ba, domin babu bel ɗin ɗaura fasinja a ciki, jihohi da yawa kuma sun hana hawa tirela tana tafiya.

Wannan lissafi shi ke raba motoci. Toyota Sienna da Honda Odyssey, waɗanda iyalai masu yawa suka fi hawa, iyakar jansu laba 3,500 ne, saboda haka idan an cika su da mutane babu wata 'yar ruwa biyu mai gadaje uku da za su ja cikin aminci. Chevrolet Suburban da Ford Expedition sun fi ƙarfi, amma su ma takardar ƙofar tana bambanta daga mota zuwa mota gwargwadon kayan alatun da aka saka mata, don haka sai an karanta ta motar da ke hannu. Akori-kura irin Ford F-150 takan ɗauki nauyi sosai, sai dai kujerunta ba su wuce biyar ko shida ba. Akwai iyalan da suka gwammace su fita da mota biyu, ɗaya ta ja tirela, ɗaya ta ɗauki yara, kuma a ganina wannan ya fi a yi wa mota ɗaya lodin da ya fi ƙarfinta.

A jikin tirela ma lambobi biyu ne ke rikita mutane. Wadda ake rubutawa a takardar talla nauyin tirela ce fayau, babu ruwa, babu abinci, babu barguna. Wadda ya kamata a yi lissafi da ita kuwa ita ce wadda aka rubuta GVWR a gabanta, a jikin takardar da ke manne a gefen hagu ta gaba, wato iyakar nauyin tirela da duk abin da ke cikinta. Gidan mutum bakwai ba ya rasa kusantar wannan iyaka. Ruwa kaɗai, idan tanki na galan 40 ne, ya haura laba 330, ga tukwanen gas biyu, ga batir, ga kekunan yara da tukwanen girki.

Idan an gama da mota, sai a zo kan tsarin ɗaki. Kusan duk tirelolin nan a arewacin jihar Indiyana ake ƙera su. Kamfanin Forest River na garin Elkhart, wanda kamfanin Berkshire Hathaway ya saya a 2005, shi ke yin Rockwood Roo da tagwaiyarta Flagstaff Shamrock, kuma samfurinsu na 183 da na 233S gadaje uku ne ke sauka daga jikinsu, biyu gaba da baya, ɗaya a gefe. Jayco na garin Middlebury, wanda aka kafa a 1968 kuma kamfanin Thor ya saye shi a 2016, ya yi irinsu da yawa da sunan Jay Feather, ana kuma samun su a kasuwar na hannu. Gado na uku yana da daraja ga gidan da ke da yara maza da mata da suka fara tasowa, domin yana ba da damar raba musu makwanci ba tare da an naɗe teburin cin abinci kowane dare ba. Kada a yarda da adadin masu kwana da aka rubuta a talla, domin ana ƙirga tebur da doguwar kujera a matsayin gadon mutum biyu-biyu, alhali ƙananan yara kaɗai suke ɗauka. A tafi wurin dillali da iyalin gaba ɗaya, a sauke gadajen, kowa ya hau nasa, sannan a zauna kamar ana ruwan sama a waje, a ga ko uwargida za ta iya tsayawa gaban murhu yaro ya wuce banɗaki ba tare da an ture juna ba. A duba girman tankin ruwan dauɗa kuma, domin mutum bakwai kan cika shi cikin kwanaki kaɗan.

Tanti yana da nasa matsaloli, kuma gara a san su tun kafin a biya kuɗi. Ba ya tare sanyi kamar bango, ba ya tare ƙarar maƙwabta, kukan jariri ma duk sansanin zai ji. Da daddare numfashin masu barci yakan taru ya zama raɓa a cikin rufin tantin, da safe a tarar da gefen katifa ya jiƙe, sai an bar ɗan zif a buɗe an kunna fanka. Idan aka naɗe shi da danshi saboda ruwan sama, wajibi ne a sake buɗe shi a gida ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba fumfuna ta kama shi, warinta kuwa ba ya fita da sauƙi. Akwai kuma wuraren da ba a yarda da tanti ba sam saboda dabbar beyar, kamar masaukin Fishing Bridge da ke gandun Yellowstone, inda sai mai bango zalla ake karɓa. Mai niyyar fita lokacin hunturu ko yawan zuwa irin waɗannan wurare, 'yar ruwa biyu ba tasa ba ce. Hanya mafi arha ta gane haka ita ce a ɗauki hayar ɗaya na ƙarshen mako ta shafukan intanet na hayar tireloli, Outdoorsy ko RVshare, kafin a saya.

Sabuwar tirela tana zuwa da garanti, amma darajarta tana faɗuwa da sauri a shekarun farko. Ta hannu ta fi sauƙin kuɗi, sai dai babban abokin gabarta shi ne yoyo, kuma a wannan nau'in ruwa ya fi shiga ta bakin ƙofofin gadaje, musamman ta gaba wadda ke fuskantar ruwan sama idan ana tafiya. A tafi da tocila. A sauke gadon gaba, a ɗaga katifa, a danna katakon da ke ƙarƙashinta da tafin hannu, a bi robar da ta zagaye bakin ƙofar da yatsa a ji ko ta tsage ko ta bushe. A cire takalmi a taka daɓen ɗakin lungu-lungu, gaban ƙofa da gefen banɗaki da ƙarƙashin tebur, duk inda ya lotsa to katakon ƙasa ya ruɓe. A buɗe durowoyin sama a haska kusurwoyi a nemi tabon ruwa. A tsaya a waje a kalli bangon ta gefe cikin hasken rana, idan an ga ya kumbura ko ya yi tudu-tudu, ruwa ya raba fatar bangon da abin da ke bayanta, gyaransa kuma yakan kusan cinye kuɗin tirelar. Irin wannan, ko an karya farashi, a haƙura da ita. Idan mai tirela ya ƙi yarda a buɗe tantin gaba ɗaya, ko aka tarar ya fesa turare mai ƙarfi a ciki, wannan ma amsa ce.

Tayoyi kuwa shekaru ke kashe su tun ba su suɗe ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara biyar ko shida a sa kuɗin sauya ta cikin ciniki. Haka nan na'urorin da ke ƙara idan gas ya zuba ko hayaƙi mai guba ya taru suna da wa'adi a rubuce a jikinsu, kuma a ɗakin da yara za su kwana wannan ba abin wasa ba ne. Wanda bai amince da idonsa ba zai iya ɗaukar mai duba tirela da ke da shaidar NRVIA, ƙungiyar masu duba irin waɗannan tireloli. Kafin a miƙa kuɗi a tabbatar lambar jikin tirela ta yi daidai da ta takardar mallaka, kuma babu bashin banki a kanta.

Farashi ya fi sauka daga watan Satumba zuwa hunturu, lokacin da dillalai ke son rage tsofaffin kaya, masu na hannu kuma ba sa son biyan kuɗin ajiya. Manyan baje-koli irin na Hershey a Pensilbaniya cikin Satumba da na Tampa a Fulorida cikin Janairu suna ba da damar shiga tireloli masu yawa a yini ɗaya. A nemi dillali ya rubuta jimillar kuɗin da za a biya har da haraji da kuɗin takardu, kada a bari a mayar da zancen kan abin da za a riƙa biya duk wata, domin bashin tirela yakan kai shekara goma ko fiye, kuɗin ruwansa kuma ya taru ya yi yawa. Ga mai guje wa riba, ta hannu da aka biya lakadan ita ce mafita mafi sauƙi. A ware kuɗin maƙalar ja mai rarraba nauyi da hana wutsil-wutsil, da na'urar da ke haɗa birkin mota da na tirela, da inshora, da wurin ajiya, tunda unguwanni da yawa ba sa barin a ajiye tirela a ƙofar gida.

Ranar karɓa kada a yi gaggawar sa hannu. A sa a cika tanki a kunna famfo, a gwada murhu da firji da na'urar ɗumama ruwa da ta sanyaya ɗaki, a watsa wa ƙofofin gadaje ruwa da tiyo a shiga a duba, mai gida da uwargida kuma su sauke gadajen su naɗe su da hannunsu. Fitar farko a yi ta kusa da gida, a loda kaya da yara yadda za a riƙa tafiya, a biya ta sikelin CAT da ke gidajen man manyan motoci a auna mota da tirela tare, sannan a kwance tirelar a sake auna motar ita kaɗai, a gwama sakamakon da lambobin da ke dokin ƙofar direba.