Yadda za ku hana kifi lalacewa a cikin kwalekwale

'Yan'uwa masu shiga tafkin Lagdo na arewacin Kamaru kamun kifi, idan za ku wuni a ruwa nesa da gari, ku tafi da buhun algarara maimakon ku sayi ƙanƙara tun daga Garwa, wadda take narkewa kafin azahar.

Da zarar kun kama karfasa ko giwan ruwa, ku cire kayan cikinsa, domin daga nan ruɓewa take farawa. Sai ku jiƙa buhun, ku naɗe kifin a ciki, ku ajiye inda rana ba ta dukansa amma iska tana ratsawa. Duk sa'ad da buhun ya fara bushewa, ku sake yayyafa masa ruwa.

Dalili kuwa shi ne, ruwan da yake bushewa daga jikin buhun yana tafiya da zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Buhun leda ba ya shan ruwa, saboda haka bai dace ba.

Dabarar ta fi aiki da hunturu, lokacin da iska take a bushe. Da damina kuwa ba na dogara da ita, kuma idan kwana ya kama ku, sai gishiri ko banda.

Tarwaɗa kam ku bar ta da rai cikin ɗan ruwa a ƙasan jirgin, tana daɗewa ba ta mutu ba.